Kafin a Sayo Injin Gahawa, a Tuna da Bakolori

Mutanen gundumar Faru a Zamfara ba baƙin kayan Italiya ba ne. Duk wanda ya manyanta a tsakanin Maradun, Talata Mafara da Bakura ya san sunan Impresit, kamfanin Italiya da ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato daga 1974 zuwa 1978. An tsara tafkin ya riƙe ruwa mita kubik miliyan 450, ya shayar da gonaki hekta 23,000. Kusan hekta 15,000 daga ciki za a ba su ruwa ne ta bututan feshi, waɗanda sai famfunan lantarki sun tura musu ruwa. Sauran kuwa ta magudanai, ruwa ya gangaro da kansa. Manoman yankin sun biya aikin da tsada, har da rayuka a watan Afrilun 1980, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wa masu neman diyyar gonakinsu wuta. Duk da haka, zuwa farkon shekarun 2000 bututan feshin sun zama kwanta-kwantan ƙarfe a gona. Abin da ya ci gaba da ciyar da masu noman shinkafa shi ne magudanar nan da ba ta neman komai sai gangare. Da shirin TRIMING na Bankin Duniya ya zo gyaran Bakolori, cikin ayyukansa har da mayar da wani yanki na filin feshin zuwa ban ruwa ta magudana.

Wannan tsohon labari yana da amfani ga mai shirin kashe kuɗinsa a kan wani injin Italiya, ƙarami wannan karon, wanda ake ajiyewa a kan tebur: injin haɗa gahawar esfireso.

Babu mai cewa injin ya cika gidajen Faru. Amma sha'awarsa ta iso, ta hanyoyin da kowa ya sani. Mai zuwa Umara yana ganin shagunan gahawa jere a gefen Harami, ɗalibin da ya yi karatu a Masar ko Turkiyya ya dawo da ɗanɗanon a bakinsa, ma'aikacin da ya je taro Abuja an miƙa masa ɗan finjali mai kumfa, sauran aikin kuma bidiyon TikTok ya ƙarasa. Yankin da ya fitar da gwamnoni uku, Ahmad Sani Yariman Bakura, Abdul'aziz Yari na Talata Mafara da Bello Matawalle na Maradun, kuma yake da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau da jami'ar jiha, ba zai rasa masu hali da masu ido a waje ba. Shawarar da ta dace da su gajeriya ce: su bar injin mai ƙyalli a shago tukuna, su fara da abin niƙa.

Sai an san mece ce esfireso kafin shawarar ta shiga kunne. Gahawar da Bahaushe ya saba da ita iri biyu ce. Akwai Nescafé ta teburin mai shayi, garin da aka riga aka dafa a masana'anta aka busar, wanda kamfanin Nestlé ya fara fitarwa a Suwizalan a 1938. Akwai kuma gahawar Larabawa da ta Sudan, wadda ake tafasawa a buta, a sa mata citta ko wani abin ƙamshi, a sha da dabino. Esfireso daban take. Ana niƙa ƙwayar gahawa ta yi laushi, a danne ta cikin wani ɗan ƙoƙon ƙarfe mai ƙananan huji, sannan a tilasta wa ruwan zafi ratsa ta da ƙarfi. Ƙa'idar Italiyawa ita ce giram 7 na gari, ruwa mai zafin kusan digiri 90, daƙiƙa 25, a samu kimanin mililita 25, abin da bai kai cokali biyu na cin abinci ba. Matsin da ake bukata ya ninka nauyin iskar da ke kanmu sau tara, masu sana'ar suna kiransa bar 9. Tayar ƙaramar mota, idan mai faci ya cika ta, da wuya ta wuce biyu da rabi.

Samun wannan matsi ya ɗauki Italiyawa shekaru fiye da sittin. Angelo Moriondo ya yi rajistar injinsa mai aiki da tururi a Turin a 1884. Luigi Bezzera na Milan ya inganta shi a 1901, Desiderio Pavoni ya sayi haƙƙin ƙirar ya shiga ƙerawa. Waɗannan duka tururi ne ke tura musu ruwa, matsin kaɗan, zafin ya yi yawa, gahawar kan fito da ƙauri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne Achille Gaggia, mai shagon gahawa a Milan, ya fito da inji mai mariƙi da ake ja da hannu, kuma a nan aka fara ganin kumfar nan mai launin ƙasa-ƙasa da ake yayi. Famfon lantarki bai shigo sosai ba sai 1961, da injin E61 na kamfanin Faema. Wato esfireson da duniya ta sani, damtsen mutum ne ya fara matso ta.

To, a nan gizo ke saƙar. Injunan gida na yau, irin su Gaggia Classic da na De'Longhi da Breville, mafi yawansu suna jan wuta tsakanin wat 1,200 zuwa 1,600 sa'ad da suke ɗumama ruwa. Jimillar wutar da suke sha ba ta taka kara ta karya ba, tunda mintuna kaɗan ne. Matsalar ita ce fizgar da suke yi lokaci guda, irin ta dutsen guga ko hita. Ƙaramin janareton Tiger da ake kunna fanka da talabijin ƙarfinsa bai kai wat 1,000 ba, da an danna injin zai shaƙe. Inbatar sola ta kVA ɗaya, wadda ta wadatar da fitilu da cajin waya, ƙara za ta yi ta ɗauke. Ba sai an gaya wa mutumin Faru awa nawa ake ganin wutar NEPA a rana ba, kuma ya san yadda takan zo wani lokaci kamar aci-bal-bal, wani lokaci ta zo da ƙarfin da zai ƙona kaya. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, tayar da babban janareto saboda cokali biyu na gahawa ya zama abin da ko mai kuɗi sai ya yi tunani.

Akwai wani tarkon ga masu sayen na gwanjo. Injin da aka ƙera don kasuwar Amurka wutar bolt 120 yake ɗauka, tamu kuwa 230 ce. A soka shi a bango kai tsaye, an yi sallama da shi. Na Ingila ne ya dace da wutarmu da soket ɗinmu.

A zo ga kuɗi. Sabon inji mai ɗan inganci yana haura dala 400. A canjin 2024, lokacin da dala ta wuce naira 1,500, kuɗin ya kai naira 600,000, albashin wata takwas da ɗoriya ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Idan robar da ke rufe bakinsa ta tsufa ko famfonsa ya tsaya, ba a kasuwar Talata za a samu ba, kuma mai gyaran rediyo bai taɓa buɗe irinsa ba. Masu amfani da 'yan kwalayen da aka riga aka cika da gari, irin na Nespresso, nasu ya fi muni: ranar da kwalin ƙarshe ya ƙare, injin ya koma kayan adon kabad har sai wani ya dawo daga Abuja ko Dubai. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ga abin da masu tallan ba su cika faɗa ba. Ko da wuta ta tsaya cak shekara guda, inji mafi tsada ba zai gyara mummunan niƙa ba. Wannan magana ba sabuwa ba ce ga matan gida. Sun san garin tuwo daban, ɓarzon masara na dambu daban, tsaki daban, kuma sun san abin da kan faru idan aka tuƙa tuwo da garin da ba a tankaɗe ba. Garin esfireso yana son ya fi garin tuwo ɗan kauri, ya fi gishirin leda laushi, kuma abin da ya fi muhimmanci, ƙwayoyinsa su zama kusan girmansu ɗaya. Ruwa ɗan neman sauƙi ne. Idan gari ya haɗa manya da ƙanana, ruwan da ke ƙarƙashin matsi zai huda wa kansa hanya ta inda ya fi rauni, kamar yadda yake fasa kunyar da aka yi wa ha'inci a gonar rani, ya bar sauran garin ko jiƙa shi bai yi sosai ba. Sai finjali ɗaya ya haɗa tsami da ɗaci.

Saboda haka blenda mai wuƙa ba ta yi, don sara take yi ba niƙa ba. Turmi da taɓarya sun wadatar ga gahawar buta, kamar yadda ake yi a Habasha da Sudan, amma ba sa ba da gari iri ɗaya kullum. Injin niƙan unguwa kuwa, wanda ya gama da barkono da daddawa, ba sai an yi dogon bayani ba. Abin da ake bukata shi ne maniƙa mai haƙoran ƙarfe biyu, ɗaya a cikin ɗaya, tamkar dutsen niƙa da ɗansa, wadda ake iya matse ratar da ke tsakaninsu kaɗan-kaɗan. Akwai na hannu masu kyau, irin na kamfanonin Timemore da 1Zpresso, girmansu bai wuce gorar ruwa ba, ba ruwansu da wuta, kuma niƙa giram 18 ba ya kai minti guda ga mai ƙarfin hannu. Mai saye ya tabbatar wadda aka yi don esfireso ce, domin wasu ratarsu ba ta matsuwa ta kai laushin da ake so.

Sai sikeli ɗan ƙarami, irin wanda masu sayen zinari ke amfani da shi, abin da ba baƙo ba ne a Zamfara. Lissafin da masu sana'ar suka fi bi a yau shi ne giram 18 na gari, a fitar da giram 36 na gahawa cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. Idan ta zubo shaa cikin daƙiƙa goma, ta yi salam da tsami, niƙan bai yi laushi ba, a ƙara matse maniƙa. Idan ta tsaya ɗis-ɗis har ta haura daƙiƙa 45, ta yi ɗaci kamar maɗaci, a sassauta. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda. Wanda ya taɓa niƙa, ya taɓa yawan gari, ya taɓa zafin ruwa duka a zama ɗaya, ba zai san wanne ya gyara ba.

Yanayi ma yana da ta cewa. Saitin da ya yi daidai a watan Agusta, lokacin laima, zai so gyara a watan Janairu. Da hunturu kuma garin kan riƙa mannewa a jikin maniƙa yana tarwatsewa, irin tartsatsin nan da ke tashi idan an tuɓe rigar nailan cikin duhu. A watan Disamban 2023 mujallar kimiyya ta Matter ta buga binciken Christopher Hendon na Jami'ar Oregon a Amurka, wanda ya yi tare da masu nazarin duwatsu masu aman wuta, inda suka nuna cewa ɗan yayyafa wa ƙwayar ruwa kafin niƙa yana rage wannan lantarkin da dunƙulewar gari. A aikace, a jiƙa bakin cokali a juya ƙwayoyin da shi. Dabarar kamar don mutanen Arewa aka yi ta.

Idan an mallaki maniƙa, me za a matsa gahawar da shi? Akwai injuna na hannu zalla, irin su Flair na Amurka da Cafelat Robot na Hong Kong. A tafasa ruwa a buta, a kan gas ko gawayi, a zuba, a danna mariƙi da hannu ana duban agogon matsi. Suna kaiwa bar 9 ɗin nan, kuma abin da suke fitarwa esfireso ce ta gaske, babu ragi. Abin lalacewa a jikinsu bai wuce zoben roba ba, sai a sayo da rara tun farko. Jikokin injin Gaggia ne na 1948, an cire musu waya.

Mai ƙaramin ƙarfi kuma akwai butar moka, mai kusurwa takwas, ta alminiyam, wadda kamfanin Alfonso Bialetti ya fitar a 1933. Ruwa a ƙasa, gari a tsakiya, tururi ya turo ruwan ya hau sama. Matsinta bai wuce bar ɗaya zuwa biyu ba, don haka masu tsattsauran ra'ayi ba sa kiranta esfireso, kuma sun yi gaskiya. Amma ita ce gidajen Italiya suka dogara da ita tsawon shekaru. Ba'italiye esfireso a shago yake sha, a tsaye, a gida kuwa moka. Har ɗan mai kamfanin, Renato Bialetti, da ya mutu a 2016, cikin babbar butar moka iyalansa suka zuba tokar gawarsa. Ita butar moka tana zama daram a kan murhun wayar da Buzaye ke dafa shayi. Sirrinta biyu ne: kada a danne garin, kuma a sauke ta da an ji ta fara gurguri.

Ita ƙwayar fa? Farashin gahawar arabika a kasuwar New York ya haura dala 4 a kan kowane fam a watan Fabrairun 2025, abin da ba a taɓa gani ba, saboda fari da zafi a Brazil da kuma ƙarancin gahawar robusta daga Vietnam. Mai jiran ledar gahawar Lavazza daga waje zai ji a jikinsa, kuma wata nawa ta yi tun da aka gasa ta, Allah masani. Alhali ana noman arabika a Nijeriya, a tsaunin Mambila na Jihar Taraba, wajen Gembu, inda tsayin ƙasa ya kai mita 1,600, da kuma wasu sassan Filato. Cibiyar Binciken Koko ta Ibadan, wadda gahawa ke cikin ayyukanta, tana da reshe a Kusuku a kan tsaunin. Noman ya ja baya ƙwarai, inganci kuma ya danganta da wanda ya tsinka ya shanya, amma akwai ƙananan kamfanoni a Legas, Abuja da Jos da ke gasa ta gida suna aikawa. Abin dubawa a leda shi ne ranar gashi. Ƙwaya tana kan ganiyarta daga kamar mako guda bayan gashi zuwa wata guda ko ɗan fiye, kuma zafin bazara mai haura digiri 40 yana gaggauta tsufanta. Garin da aka niƙa kuwa ƙamshinsa a mintuna yake fara gudu.

Mafi dacewa da nisan Faru shi ne ɗanyar ƙwaya, domin tana yin watanni a wuri mai sanyi-sanyi ba ta lalace ba. Gasa ta a kasko, ana juyawa ba tsayawa, minti goma zuwa sha biyar, har a ji ta fara fashewa ƙas-ƙas, bai fi ƙarfin hannun da ya saba suyar gyaɗa da riɗi ba. Ba za ta yi bai ɗaya kamar ta injin kamfani ba. Za ta fi tsohuwar ledar kanti rai.

Game da ruwa kuwa, a leƙa gindin butar da ake tafasa ruwan burtsatse. Idan akwai farin ɓawo, shi ne zai toshe bututan injin lantarki, wanda kuma wani dalili ne na fifita na hannu, mai wankuwa a kwano. Madara kuwa, ga mai son kafucino, wato esfireso da madara mai kumfa, nono ba ya yi, tsinkewa zai yi. Sabuwar madarar shanu ita ce gaba, a tafasa ta tukuna saboda cututtuka, sai dai satar shanu da tashin rugage sun sa ta yi wuya a yankin da a da ake tallanta ƙofa-ƙofa. Ta gari da aka dama da kauri tana kumfa daidai gwargwado idan an ɗumama ta zuwa digiri 60 aka girgiza a kwalba.

Wani zai ce wannan duk zancen ƙoshi ne. Gundumar da a watan Yulin 2021 'yan bindiga suka kashe gomman mutane a ƙauyukanta, inda manomi ke shiga gona da fargaba, ina ita ina maganar kumfar gahawa? Maganarsa tana da nauyi, kuma wanda ya iya kashe naira 600,000 a kan inji alhali maƙwabcinsa ɗan gudun hijira ne, ya dace ya ji ta. Sai dai tashin hankali bai hana kowa ɓara goro ko zaman majalisar shayi ba, kuma ba a taɓa ganin laifin hakan ba. Wanda kuma zai ce ba al'adarmu ba ce, ya tuna goro ba ya fita a ƙasar Hausa. Fatake ne suka yi ta tafiyar watanni zuwa Gwanja suna ɗauko shi, har ya zama ba a ɗaura aure ko raɗa suna sai da shi. Ganyen shayin Buzaye daga Sin yake zuwa. Ita gahawar ma Sufayen Yaman ne suka yaɗa ta a ƙarni na 15 don raya dare da zikiri, har aka taɓa hana ta a Makka a 1511 kafin a janye. Ta fi Lipton daɗewa a hannun Musulmi.

Abin da esfireso ba za ta iya ba shi ne ƙwace wa shayin Buzaye majalisa. Shi zagaye uku ne, awa biyu ana hira. Ita kurɓi biyu an gama. Kuma tana da iyaka: finjali guda na awon giram 7 yana ɗauke da kimanin miligiram 60 na sinadarin kafeyin, hukumomin lafiya na Turai da Amurka sun sa 400 a matsayin abin da baligi mai lafiya zai iya sha a rana, mai juna biyu kuma an fi ba ta shawarar kada ta wuce 200. Wanda ke haɗawa da goro da lemon ƙara kuzari, ko yake fama da hawan jini, ya riƙa lissafi.

Mutumin da ya fi kowa cancantar gwada wannan a Faru wataƙila ba Alhaji mai falo ba ne. Mai shayin bakin tasha ne. Yana da wuta tun asuba, yana da ruwan zafi, yana da madarar Peak da sukari, ya iya ɗaga kofi sama ya tsiyayo har kumfa ta tashi, kuma direbobin hanyar Gusau zuwa Sakkwato da 'yan sa-kai masu kwanan sintiri sun riga sun saba ce masa ya ƙara Nescafé. Kilo ɗaya na ƙwaya, a giram 18, zai ba shi kofi 55 mai ƙarfi. A awon Italiyawa na giram 7 kuwa ya haura 140. Jarin bai wuce butar moka babba da maniƙar hannu ba, sai yaron shago da zai riƙa juya ta yayin da ake soya ƙwai. Masu sayen za su ce a zuba sukari cokali uku, a cika da madara, wani ma ya tsoma burodi a ciki, kamar dai yadda Ba'italiye ke tsoma nasa da safe a Milan.